Abin da Ya Kamata Ku Sani Game da Faifan Gida a Rediyon Mota

Idan kana tuƙi tsakanin Gwandu da Birnin Kebbi, ko kana lodi daga Kalgo zuwa Jega da Bunza, da wuya a ce wannan bai taɓa samunka ba. Ka kai faifai shago an ɗora maka waƙoƙi ko karatu, an gwada shi a kwamfuta yana yi sarai, amma da ka zura shi a rediyon mota sai ya yi ta juyi, can ya turo shi waje. Wata rana ya rubuto ERROR ko NO DISC a fuskarsa. Wata rana kuma ya karɓa, lamba tana tafiya, amma shiru kake ji.

Abin da ke fara zuwa ran mutum shi ne rediyon ya mutu. Sau da yawa kuwa lafiyarsa ƙalau. Matsalar takan fito daga ɗaya cikin abubuwa uku: irin faifan da aka saya, yadda aka ɗora sautin a kansa, da yadda aka adana shi a mota. In ka fahimci waɗannan ukun, za ka huta da asarar kuɗin gyaran da bai zama dole ba.

Mene ne faifan gida, kuma me ya raba shi da na kamfani?

Faifan CD ya fara shiga kasuwa a 1982, aikin haɗin gwiwar kamfanonin Philips da Sony. Faɗinsa santimita 12 ne. Wanda aka buga a masana'anta, tun wurin ƙera shi ake danna masa wasu ƙananan ramuka da ido ba ya iya gani, sannan a shafe su da ƙarfe mai sheƙi. A cikin rediyo akwai wani siririn haske mai suna leza. Hasken yana dukan faifan ya dawo, rediyon kuma ya mayar da yadda hasken ya dawo zuwa sauti.

Faifan gida shi ne wanda ake sayowa babu komai a kansa, a saka shi a kwamfuta a ɗora masa sauti. Masu shago suna kiran aikin bonin. Wannan faifan ba shi da ramuka. Wani rini ne shimfiɗe a cikinsa, lezar kwamfuta tana ƙona shi ɗigo-ɗigo, ɗigon ya tsaya a madadin rami. Da yake ɗigon bai kai rami na gaske fitowa fili ba, rediyon da idonsa ya fara rauni yakan karanta faifan kamfani ya kasa karanta na gida. Ido a nan shi ne ɗan gilashin da hasken ke fitowa ta cikinsa, wanda masu gyara ke kira lens.

Wane faifai ya kamata ka saya?

Duba rubutun da ke jikin faifan ko kwalinsa. Iri uku za ka fi tararwa.

CD-R shi ne wanda ake ɗora wa sauti sau ɗaya, ba ya goguwa. Yawancinsu an rubuta musu 700MB da minti 80. Shi ne ya fi dacewa da mota, domin yana mayar da haske sosai, kusan kamar faifan kamfani.

CD-RW shi ne wanda ake gogewa a sake ɗorawa. Ya fito kasuwa a 1997. Kana iya ganin ya fi riba tunda ana maimaita shi, amma hasken da yake mayarwa bai kai rabin na CD-R ba. Tsofaffin rediyoyi da yawa ba sa ma sanin an saka musu shi.

DVD kuma ya yi kama da CD a ido, girmansu ɗaya, har yana ɗaukar kaya ninki shida da wani abu. Sai dai da wani irin haske daban ake karanta shi. Rediyon da CD kawai ya sani ba zai taɓa karanta DVD ba, ko da waƙoƙi zalla aka zuba a kai. Haka faifan fim na VCD, irin wanda aka saba kallon finafinan Hausa da shi a gida: jikinsa CD ne, amma tsarin rubutunsa na hoto ne, rediyon mota ba ya gane shi.

Me ya sa faifai ke yi a kwamfuta ya ƙi yi a mota?

Nan ne mafi yawan mutane ke faɗawa. Hanya biyu ake ɗora sauti a kan CD-R ɗin nan guda.

Ta farko ana kiranta Audio CD, wato faifan sauti zalla, tsari iri ɗaya da na faifan kamfani. Yana ɗaukar minti 80 kacal, kuma ba ya wuce waƙa 99 komai gajartarsu. In waƙoƙin na minti biyar-biyar ne, 16 za su cika shi. In kuwa na makaɗan fada ne irin su Narambaɗa, Ɗanƙwairo ko Sani Aliyu Ɗandawo, waɗanda waƙa ɗaya kan ja lokaci, ba za ka samu ko hakan ba. Amfaninsa shi ne kusan duk rediyon da ke cin CD yana karanta shi.

Ta biyu ana kiranta Data CD ko faifan MP3. MP3 dabara ce ta matse sauti ya zama ƙarami, a zubar da ɓangaren da kunne bai cika ji ba. Masana a cibiyar Fraunhofer ta Jamus ne suka jagoranci samar da ita, aka tabbatar da ita a farkon shekarun 1990. A matsewar da aka fi amfani da ita, wadda ake rubutawa 128 kbps, minti ɗaya yana cin kusan 1MB. Ke nan faifai guda zai ɗauki sauti na kusan awa 12, wato waƙoƙi kusan 140 masu minti biyar.

To ga inda gizo ke saƙa. Kwamfuta tana karanta duka biyun. Rediyon mota kuwa sai in an ƙera shi da sanin MP3. Kamar mutumin da ajami kawai ya iya ne ka miƙa masa wasiƙar boko: takardar tana hannunsa, idonsa garau, amma ba zai karanta maka ko kalma ɗaya ba. Shi ya sa wani rediyon ke nuna lamba tana tafiya ba sauti, wani kuma ya turo faifan waje.

Mai shago, don ya kyauta maka, yakan cika faifai da waƙa ɗari da wani abu. Da ka ji an ce waƙoƙin da ke faifan sun haura 99, ko tsawonsu ya wuce minti 80, ka tabbata na MP3 ne.

Yaya za ka san abin da rediyon motarka ke karantawa?

Duba fuskarsa da kyau, musamman kusa da bakin da ake zura faifai. In ka ga an rubuta MP3 ko WMA, zai karanta faifan waƙoƙi masu yawa. In tambarin Compact Disc kawai ka gani, ɗauka cewa faifan sauti zalla ya sani.

Shekarun motar ma suna ba da haske. Motocin haya da na gida da suka fi yawa a hanyoyinmu na hannu ne, waɗanda suka shigo daga Turai da Amurka, da yawa ta Kwatano. Golf 3 ta farkon shekarun 1990 ce, Fijo 406 kuma an ƙera ta a Turai daga 1995 zuwa 2004. Rediyon da irin waɗannan motoci suka zo da shi daga kamfani, wani na kaset ne, wani na CD ne da bai san MP3 ba. Sai wajen tsakiyar shekarun 2000 MP3 ya yawaita a rediyon da ke zuwa da mota. Amma tunda masu mota kan canza rediyo, abin da ke rubuce a fuskarsa shi ne abin dogaro.

Gwaji mafi sauƙi shi ne ka samu faifan kamfani mai kyau ka saka. In ya yi, rediyon yana da rai, sai a nemi laifin a faifan gida. In shi ma ya ƙi, to idon rediyon ne ke son dubawa.

Me za ka faɗa wa mai shago, ko ka yi da kanka?

Kada ka miƙa faifai kawai ka ce a zuba maka waƙa. Ka ce masa: "Malam, don Allah na mota ne, kuma rediyona bai san MP3 ba. A yi mini Audio CD, a hankali, a kuma rufe shi." Kowace gaɓa a maganar nan tana da dalili.

Rufe faifai yana nufin kwamfuta ta rubuta jerin abin da ke ciki, ta kuma nuna an gama. A manhajojin bonin ana rubuta shi Finalize ko Close disc. Faifan da aka bari a buɗe don a ƙara masa waƙa gobe, kwamfuta za ta iya karanta shi, rediyon mota kuwa sau da yawa ba zai ga komai ba.

A hankali kuma yana nufin rage gudun bonin. Za ka ga an rubuta 48x ko 52x a jikin faifai, wato iyakar saurin da yake ɗauka. In rediyonka tsoho ne, a zaɓi 8x ko 16x. Ƙarin 'yan mintuna ne kawai, amma ɗigon yakan fi fitowa tsaf.

In da kanka za ka yi a kwamfuta mai Windows, buɗe Windows Media Player, ka shiga wurin da aka rubuta Burn, ka zaɓi Audio CD ko Data CD gwargwadon rediyonka. In kuma kwamfutar ta tambaye ka yadda za ka yi amfani da faifan, kada ka zaɓi a yi shi kamar filash. Zaɓi na biyun, wanda ya ambaci na'urar CD da DVD.

Kafin ka bar shagon, fita da faifan ka gwada a motar. Ka saurari waƙar farko, ta tsakiya, da ta ƙarshe. Ana karanta faifai ne daga cibiya zuwa baki, saboda haka waƙoƙin ƙarshe suna can gefe, inda yatsa da ƙarzuwa suka fi taɓawa.

Rediyona yana cin MP3, amma yana tsallake wasu waƙoƙi. Me ya jawo?

Ba duk sautin da ke cikin waya ne MP3 ba. Saƙon murya na WhatsApp wani tsari ne da ake kira Opus. Waƙoƙi da wa'azozi da yawa da ake turawa ta Xender ko Bluetooth kuma sunansu yana ƙarewa da m4a ko aac, wasu ma bidiyo ne. Waya tana buɗe su duka, shi ya sa ba ka lura. Rediyon mota yakan tsallake abin da bai sani ba. Maganin shi ne a juya su zuwa MP3 da manhaja kafin a ɗora. Canza ƙarshen sunan kawai ba ya juya komai.

Sunayen ma suna da tasiri. A taƙaita su, a rubuta da baƙaƙen boko na yau da kullum. Rediyoyi da yawa ba sa nuna rubutun Larabci ko baƙaƙenmu masu lanƙwasa irin su ƙ da ɗ da ɓ, sai ka ga wasu alamomi marasa ma'ana a fuskarsu. Kada kuma a cusa jaka cikin jaka har hawa da yawa, domin kowane rediyo yana da iyakar jakunkuna da waƙoƙin da yake iya lissafawa.

Karatun Alƙur'ani da tafsiri fa?

Direbobi da yawa karatu suke saurare fiye da waƙa, musamman da asuba da kuma watan azumi. Ga abin lura. Surori 114 ne, faifan sauti zalla kuwa ba ya wuce 99, kuma minti 80 ne iyakarsa. Saukar Alƙur'ani cikakkiya tana ɗaukar awanni masu yawa, don haka ba za ta shiga faifan sauti guda ba, sai an rarraba ta a faifai da yawa.

A MP3 abin ya fi sauƙi. Muryar mutum ɗaya ba ta buƙatar nauyin da kiɗa ke buƙata. In aka matse ta a 64 kbps, faifai guda zai ɗauki kusan awa 24, kuma za ka ji ta rangaɗau. Tafsirin malamai irin su Sheikh Abubakar Gumi, Sheikh Ɗahiru Bauchi ko Sheikh Ja'afar Mahmud Adam, duk haka ake tara darussa masu yawa a faifai ɗaya.

Don surori su zo a jere, a fara sunan kowace da lamba mai gida uku: 001, 002, 003, har 114. In aka rubuta 1, 2, 3 kawai, na'ura takan ɗauko 10 da 100 ta sa su gaban 2, sai ka gama Fatiha ka ji an tsallaka wani wuri.

Me zafi da ƙura da gargada ke yi wa faifai?

Duk wanda ya yi bazara a Kebbi ya san daga Maris zuwa Mayu zafi kan haura digiri 40 a inuwa. Motar da aka rufe a rana cikinta ya fi haka nesa, gaban gilashi kuma ya fi ko'ina. Rinin CD-R ba ya shiri da rana da zafi. Faifan da aka yasar a kan dashbod yakan dusashe, wani ma ya lanƙwashe, kuma lanƙwasasshen faifai ba ya gyaruwa. Ajiye faifanka cikin jakarsa, a aljihun ƙofa ko akwatin gaban fasinja.

Da hunturu kuma ƙura ce abokiyar gaba. Tana shiga ta bakin rediyo ta kwanta a kan ido. Alamarta ita ce rediyon ya daɗe yana juyi kafin ya kama, ko ya fara ƙin faifan gida yana karɓar na kamfani. Mai gyaran rediyo zai buɗe ya goge idon, aikin ba shi da yawa.

Tsallen da waƙa ke yi a kan gargada, kamar in ka sauka daga kwalta ka nufi ƙauyukan da ke bayan Kambaza ko Diggi, ba laifin faifai ba ne kullum. Girgiza ce ke kawar da haske daga layinsa. Sababbin rediyoyi suna tara sauti na 'yan daƙiƙoƙi a gaba don rufe wannan giɓi, tsofaffi kuwa ba su da wannan dabara. Duba kuma ko rediyon ya zauna daram a gurbinsa, domin wanda ke rawa ya fi tsalle.

Wajen gogewa, samu ƙyalle mai laushi, ka goga daga cibiya zuwa baki a miƙe, kada ka bi da'ira. Ka riƙe faifai ta gefe da ramin tsakiya. Mutane sun fi tsoron ƙarzuwar ƙasan faifai, alhali saman, inda ake rubutu, ya fi rauni, don sautin yana dab da shi. Kada ka rubuta da biro, yi amfani da maka mai laushin baki. Kada kuma ka manna masa takarda ko sitika. Zafi yana ɗaga ta, ta naɗe a cikin rediyo, faifan ya maƙale.

In faifai ya maƙale fa?

Kada ka zura wuƙa ko sukundireba. Kashe motar, ka sake kunnawa, ka danne maɓallin fitarwa na 'yan daƙiƙoƙi. In ya ƙi, kai wa mai gyara. Ka yi hattara da shawarar cire kan batir. Rediyon motocin Turai da yawa yana kulle kansa in wuta ta yanke, ya rubuto CODE, ko SAFE a motocin Volkswagen, kuma ba zai sake aiki ba sai an saka lambar sirrinsa. Mai motar hannu kuwa ba kasafai yake da wannan lamba ba.

Nawa abin zai ci, kuma akwai wata hanya?

Farashi yana tafiya da kasuwa, amma jerin tsadar bai cika canzawa ba. Mafi araha shi ne sabon CD-R da ladan mai bonin. Sai goge ido a wurin mai gyara. Sai canza idon gaba ɗaya, wanda a tsohon rediyo kuɗinsa kan kusa kai na wani rediyon na hannu. Bi su a jere, kada ka fara da mai tsada.

In faifai ya ishe ka, akwai mafita uku. Ta farko ita ce 'yar na'urar da ake kira modileta, wadda ake sokawa a ramin cajin mota. Tana karɓar filash ko memori ko Bluetooth, ta watsa sautin a zangon FM, kai kuma ka kamo lambar a rediyonka. Zaɓi lambar da babu tasha a kanta. In motar daga Amurka ta zo, rediyonta yana tsayawa ne a lambobi masu ƙarewa da mara, kamar 88.1 da 88.3, don haka saita modiletar a irinsu. Ta biyu, in rediyon na kaset ne, akwai kaset mai waya da ake haɗawa da wayar hannu. Ta uku ita ce sayen rediyo mai cin filash. A nan ka sani cewa da yawansu tsarin FAT32 kawai suke karantawa, filashin da ya wuce 32GB kuwa yawanci da wani tsari yake zuwa. Ƙaramin filash ya fi zama lafiya.

Ga mai doguwar tafiya, kamar daga Kalgo ta Jega da Koko da Yawuri zuwa Kwantagora, filash ko faifan MP3 ya fi, don ba sai kana canza faifai kana tuƙi ba. Laluben faifai ko latsa waya a kan gudu yana ɗauke ido daga hanya, kuma amfani da waya yayin tuƙi laifi ne da jami'an hukumar kiyaye haɗurra ke kamawa a kai.

Doka ta yarda a kwafi waƙa?

Najeriya tana da dokar haƙƙin mallaka ta 2022, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a Maris 2023, kuma hukumar kare haƙƙin mallaka ta ƙasa ce ke kula da ita. Dokar ta yi sassauci ga amfanin kai wanda bai wuce kima ba. Amma buga waƙar wani da yawa don sayarwa, ba da izininsa ba, satar fasaha ce, kuma akwai tara da ɗauri a kanta. Mawaƙi da mai kiɗa da mai situdiyo duk da wannan aikin suke ci da iyalinsu. In akwai hanyar sayen waƙa daga hannun mai ita, ita ce ta fi.

Saboda haka, kafin ka kai rediyonka gyara ko ka saye sabo, duba abu huɗu: faifan CD-R ne, an ɗora shi a tsarin da rediyonka ya sani, an rufe shi, kuma ba a bar shi a rana ba. In duk sun cika amma ya ƙi, sannan ka nemi mai gyara ya duba idon. Allah Ya tsare hanya.